Sunan da Ladidi Ba Ta Hwaɗi

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa kasuwar Wurno ya san Ladidi mai turara shinkafa. Macce ce gajera mai kaifin baki, wadda ba ta barin tsakuwa cikin mudunta, ba ta kuma barin magana ta kwana cikinta. Aji uku ta yi sakandare anka yi mata aure, amma ukun nan sun ishe ta zama sakatariyar ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa. Ita ka riƙe da imel ɗin ƙungiya cikin wata waya mai tsagaggen gilashi.

Ɗanta na hwari Mu'azu ne, ɗan kabu-kabu. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa jin sunan nan bakinta, don kunyar ɗan hwari. "Wancan" take ce mai, in ta ji daɗinai ta ce "mai babur". Da anka buɗe imel anka ce ta zaɓi kalmar sirri, sai ta sa sunan. Ga ganinta, mi ya kai abin da bakinta bai hwaɗi zama sirri? Bayan shekara biyu mota ta kaɗe Mu'azu hanyar Goronyo. Tun ranan, kullum sahe sai ta hita imel ɗin da gangan don ta sake rubuta haruffan da yatsa. Nan kaɗai take kiranai.

Wata Litinin jami'ar wata hukuma da za ta ba ƙungiyar injin casa ta bugo mata waya. Ta ce imel ɗinsu ya cika musu akwati da tallan maganin ƙarya da wasu adireshi na damfara, in bai daina ba zuwa Alhamis za su toshe shi, su cire sunansu. Mata talatin da huɗu sun shekara suna jiran injin nan, hannuwansu duk kanta don daka.

Ladidi ta gane kuskurenta. Ta tuno wani shafi da ya yi alkawarin takin zamani kyauta, ita ko ta rubuta mai komi, har kalmar sirrin imel ɗin. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba ta tsaya kuka ba, ta sauke tukunya, ta yaha mayafi, ta shiga motar Rabah wurin ƙanwarta Bilkisu, malamar kwamfuta.

Bilkisu ta duba akwatin saƙonnin da anka tura, ta riƙe baki. Sun hi ɗari huɗu.

"Yaya, ɓarawo na cikin ɗakinki da makullinki. Sai an canza kalmar sirri."

"A kore shi dai, a bar min kalmata."

"In mun kore shi da ita zai komo. Mi kinka sa haka da ba a taɓawa?"

Ladidi ta miƙa hannu. Ta jawo wayar ta rubuta, Bilkisu na kallon yatsanta. Nan take ƙanwar ta gane, idonta ya cika.

"Yaya, Wurno duka an san sunan ga."

"Na sani. Ni ce ban iya hwaɗinai."

Ladidi ta dubi tsagaggen gilashin. Ranta ya yi zafi ƙwarai, don ji take awa ana so ta sake binne shi. Amma ta tuna hannun tsohuwa Ma'u ta ƙungiyarsu, wadda ko taɓarya ba ta iya ɗagawa yanzu.

"Goge," tac ce. "Ba za a ƙara tallan maganin ƙarya da sunan ɗana ba."

Sunka haɗa sabuwar kalma doguwa wadda ba sunan kowa ba ce. Bilkisu ta hidda duk wata na'ura da ta shiga imel ɗin, ta ɗaure shi da lambar wayar Ladidi, yadda ba mai shiga sai an turo mata lamba. Ladidi da kanta ta rubuta ban haƙuri ga duk wanda saƙon ya iske, ɗaya bayan ɗaya, har la'asar. Ran Alhamis jami'ar ta bugo ta ce sunansu na nan.

Washegari da sahe ta ɗauko wayar bisa sabo, yatsanta ya tsaya. Ba wurin rubuta sunan kuma. Ta aje wayar bisa buhu, ta dubi ƙohwar da yakan shigo da babur, ta buɗe baki ta ce, "Mu'azu." Sannan ta tashi ta hura wuta.