Malam Sahabi, Angon Tsando

Idan ya sallame sallar asuba, Malam Sahabi ba ya komawa shimfiɗa. Koko zai kurɓa a tsaye, ya zura baƙar rigarsa da ta sha shuni, ya ɗaura 'yar raga da kwalabe a bayan keke, ya kama hanya. Yau Ruma, gobe Runka, jibi wani rafin da ko makiyaya sai da dalili suke zuwa. Kafin hantsi yana tsaye cikin kurmi, shiru kamar turke, yana jiran ƙudan tsando ya sauka masa a hannun riga ko a ƙafa. Ya kama shi da rai, ya jefa a kwalba, a aika wa masu bincike a Kaduna su duba ko yana ɗauke da ciwon barci. Aikinsa ke nan tun kafin a sami 'yancin kai har bana da ya ajiye.

Rigar nan ba don ado yake sa ta ba. Tsando yana son baƙin tufa, yana hango shi daga nesa ya taho. Wato kowa yana gudun ƙudan, shi kuwa kwalliya yake yi masa. Shi ya sa samarin Batsari suka laƙaba masa Angon Tsando, kuma in an kira yana amsawa da fara'a.

Daga Fatakwal nake wannan rubutu, inda aikin man fetur ya jefo ni. Wani direban tanka ɗan Safana ne ya gaya mini an sallami Malam Sahabi, ba taro, ba jawabi. Tun daga ranar zuciyata take gida. Ina kewar ƙauyenmu da ke bakin rafi, yamma da Ruma, ina kewar mutanen da na bari da waɗanda ƙasa ta rufe. Bari in ba ku labarin zuwansa wurinmu, don ku san wanda ake sallama shiru.

A kakar shekarar 'yancin kai ne. Ina sabon malamin makaranta a Batsari, nakan je gida ranar hutu. Yayata Bara'atu, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta fara wani irin barci. Tana daka sai taɓarya ta suɓuce, tana cin tuwo sai a ga loma a hannu kai ya langaɓe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ragwanci. An yi turare, an sha rubutu, tana ta ramewa. A lokacin kuwa ayarin likitocin ciwon barci ba ya zuwa kowane ƙauye. Sai inda mai kama tsando ya kawo shaida cewa ƙudan yana nan. In ya fita da kwalba wayam, sai a ce rafin lafiya lau yake, ba mai waiwayarsa sai wata shekara. Bara'atu ba ta da wata shekara. Mu dai ba mu san da wannan ƙa'ida ba.

Abin da muka sani shi ne baƙon gwamnati ya sauka. Kuma a wurinmu ba a barin baƙo cikin wahala ana kallo. Yana shiga kurmin mashaya sai kakarmu, Kaka Marka, ta bi shi da mafici. Ƙuda yana dosar rigarsa tana kai masa duka.

Ya ce, "Iya, don Allah ki bar su. Su na zo nema."

Ta ce, "Ji wata magana! Ka zo garinmu ƙuda shi cinye ka ina tsaye? Mi za a ce da mu a Batsari? Tsaya nan, ɗan nan, ka yi aikinka, ni in yi nawa."

Washegari abin ya ƙaru. Mai unguwa Gagare ya ji kunya a ce tsohuwa ce kaɗai ke kula da baƙo, sai ya sa aka tara kashin shanu da ɗanyen ganye aka turnuƙe mashayar da hayaƙi. Ko ƙudan gida bai rage ba. Aka shimfiɗa wa baƙon tabarma a tsakiya, aka kawo fura, kowa yana murna an fita kunya. Gagare yana raye, ku tambaye shi, har yau in ya tuna sai ya rufe fuska. Malam Sahabi ya yi bayani ya sake, ana ta cewa kawaici ne irin na mutanen kirki. Ga shi ranar kasuwa dole ya wuce Runka.

Bara'atu ce ta kawo furar, ta durƙusa tana damawa. Yana cikin magana sai ya ga ludayi ya tsaya, ta yi barci a durƙushe. Ya daɗe yana dubanta. Matar aure ce, bai kai hannu ba. Ya juya wurin Kaka.

"Iya, kawo yatsunki. Sa nan bayan wuyanta, ƙasa da kunne. Danna kaɗan. Mi kika ji?"

Ta ce, "Wasu 'yan ƙulalai, kamar gujiya."

Ya ce, "To wannan cizon ƙudan da kike kora ne. Akwai magani, amma masu maganin ba su zuwa sai na kai masu ƙudan. In kin tsare ni, ita kika bari."

Kaka ta ajiye maficin a kan tabarma.

Da gari ya waye hayaƙi ya lafa, ta ɗauki sandarta ta zauna a bakin hanyar mashaya. Mai ɗiban ruwa, mai kora shanu, har Gagare da kansa, duk ta mayar da su. Ni na tsaya kusa da ita. Muna hango Malam Sahabi cikin kurmi, ƙuda yana sauka yana cizo, yana kai raga a hankali, jini yana tsatsafowa a ƙwaurinsa. Hawaye yana bin fuskar Kaka, tana damƙe da sandar da hannu biyu don kada ta tashi. Ta ce mini, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa zama ina kallon ana cin baƙona ba." Haka suka wuni, shi a tsaye, ita a zaune. Da yamma ya fito da ƙudan tsando a kwalabensa.

Bayan an gama yankan gero ayarin likitoci ya iso. Aka jera mu ana taɓa wuya, aka sami masu ciwon fiye da yadda muka zata. Wasu an makara, Allah ya jiƙan su. Bara'atu ta sha allurai ta tashi. Aka sassabe kurmin mashaya, daga baya aka yi feshi, har shanun Fulani suka huta da sammore, ciwon da tsando ke sa masu. Yau Bara'atu tana Runka da jikoki, ita ke tashin gidan da asuba, kuma faɗanta ya fi na da.

Malam Sahabi, kai ne garkuwar mashaya. Kai ne ka miƙa jikinka inda kowa ke janye nasa. Waɗanda suka duba ƙudan a Kaduna sun yi aiki, Allah ya saka musu, amma kowane ƙuda da ya kai teburinsu sai da ya fara ɗanɗana ka. Kuɗin mai ya zo, abokan aikinka sun koma kwangila, mu ma mun watse birane, kai kana nan da kekenka. Ina son in sake ganin kekenka a jingine a gindin tsamiyarmu, in ji Kaka tana yi maka faɗa. Kaka ta rasu, tsamiyar ma an ce ta faɗi.

Ga abin da direban ya ƙara mini, wanda na kasa faɗa tun farko. Ciwon da yake farauta ya kama shi shi ma, ba sau ɗaya ba. Allurar wancan zamani tana warkarwa, amma takan taɓa ido. Ta bar wa Bara'atu nata, ta tafi da nasa sannu a hankali. Yanzu yana zaune a zaurensa a Safana, sai an yi sallama yake gane mutum. Direban ya ce da ya ambaci ƙauyenmu, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yarinyar nan mai dama fura, ta rayu kuwa?" Duk shekarun nan ba wanda ya je ya gaya masa.

Ta rayu, Malam. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka gaba. Ku kuma samarin da ake ɗauka aikin lafiya yanzu, da farar riga da babur, in an tura ku rafin da ba mai gani, ku je, ku tsaya yadda ya tsaya.

Roƙona na ƙarshe ga mutanen Safana ne. Ni nesa ta hana ni, Bara'atu ba ta karatu, shi kuma ba ya gani. Duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, don Allah ya je zauren Malam Sahabi, ya yi sallama, ya zauna ya karanta masa. In lokaci ya ƙure, ya tsallake sauran, ya gaya masa dai ta rayu.