Tamostat a Tukunyar Barakatu

Zakiyyu bai taɓa yin wata sana'a ba sai tuƙi. Ya fara da motocin mutane a tashar Daura, ya tuƙa ta wannan ya tuƙa ta wancan, sai da furfura ta fara fito masa sannan ya mallaki tasa, wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, wadda fentinta ya riga ya koɗe kafin ta zo hannunsa. Da ita yake ɗauko tumaki da awaki daga ƙauyukan Dutsi zuwa kasuwa. Yawancin lodin na Alhaji Auta ne, dillalin dabbobi. Gwiwoyin Zakiyyu sun fara ciwo, idan ya daɗe a zaune sai ya dafa ƙofa yake iya sauka.

Wata ranar bazara, ya ɗauko ragunan Alhaji Auta, rana ta take, sai ya ga allurar zafin injin tana hawa. Kafin ya sami inuwar tsayawa tururi ya turnuƙe bonet. Ya tsaya a fili, ba bishiya ba gida. Raguna suka yi ta haki a baya. Ruwan jarkar da ya tanada domin lagireto, rabi ya ba su, rabi ya jira injin ya huce ya zuba. Duk da haka rago ɗaya bai kai Daura ba, a hanya aka yanka shi.

Alhaji Auta bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Zakiyyu, motar nan ta gaji." Wannan ya fi faɗa ciwo.

Amadu bakanike ya kwance inda babban tiyo ya haɗu da injin, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin, duk ya yi tsatsa.

"Ka ga mai laifin. Tamostat ne, shi ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya ɗau zafi. Ya maƙale a rufe."

"To yaya za a yi?"

"Wasu jefar da shi suke yi, su ce na ƙasar sanyi ne. Ni dai da ka sa sabo."

Zakiyyu ya gaji, yana son komawa hanya. Ya ce a rufe haka nan, ba tamostat.

Motar ta daina tafasa, amma ba ta koma daidai ba. Da damina ta sauka, sai ya yi tafiya mai nisa da safe allura tana kwance a ƙasa. Hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, gas kuwa kamar ana zubarwa. Ya haƙura har ya kasa, ya nufi shagon Jibril mai kayan gyara.

Jibril ya zube masa tamostat kala uku a kan tebur: sabo a kwali mai ƙyalli, wani sabon mara kwali, da na gwanjo da aka ciro daga wani injin. Kowanne da lamba a jikinsa, wadda Jibril ya ce ita ke nuna zafin da yake buɗewa. Zakiyyu ya fito da tsohon daga aljihu ya gwada faɗi da tsawo. Idonsa bai ga lambar ba sai da Jibril ya karanta masa. Ya ɗauki mai kwalin.

Amadu ya riga ya gaya masa kada ya ɗaura sai ya dafa ya ga ko zai buɗe. A gida ya sami matarsa Barakatu ta ɗora ruwan tuwo.

"Ba ni aron tukunyar nan."

"Malam, me za ka dafa?"

Ya ɗaure ƙarfen da zare ya zura a ruwa. Suka tsuguna su biyu suna kallo. Ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, tamostat ko motsi.

"To," in ji Barakatu, "ko gishiri za a sa masa?"

Bai yi dariya ba. Ya koma shago a ƙafa, Jibril ya yi ƙorafin an jiƙa kaya, da ƙyar ya canza masa da na gwanjon. Wannan karon, da ruwa ya fara ƙananan kumfa, sai bakin ƙarfen ya buɗe a hankali. Barakatu ce ta fara gani. Ta zubar da ruwan ta wanke tukunyarta da toka, tuwon ranar ya makara.

Wajen ɗaurawa noti ɗaya ya karye a ciki, Amadu ya wuni yana haƙo shi. Da aka gama, Zakiyyu ya zagaya gari, allura ta hau tsakiya ta tsaya cak.

Ya wuce kara, kasuwar dabbobi, neman Alhaji Auta, ya tarar ana loda masa tumaki a wata farar mota.

"Na ji ka gyara," in ji Alhajin. "Madalla. Sai dai na riga na yi magana da mai motar nan. Idan lodi ya yi yawa zan neme ka."

Har yau bai neme shi ba. Yanzu Zakiyyu taki yake kaiwa gonakin Sandamu, wani lokaci bulo ko itace. Idan ya dawo da la'asar sai ya kashe injin a ƙofar gida, ya jingina kai da kujera, ya daɗe bai fito ba, har Barakatu ta leƙo ta ce masa ruwan wanka yana hucewa.