Kawu Sale da naman da ya sha kitse

"Mayar musu, wannan ai kitse ne zalla!"

Kawuna Alhaji Sale ke nan jiya, yana ture faranti. Ya zo Guangzhou sarin takalma, ni nake masa tafinta, sai laoban, wato mai masana'antar, ya gayyace mu gidan gashin naman Japanawa, irin na ci-iya-cinka. Sai da ya nuna mana shaidar halal kafin muka zauna.

Garwashi a tsakiyar tebur, nama ɗanye, kowa ya gasa nasa. Ni dai kallo nake. An yanka shi siriri kamar takarda, farin kitse ya ratsa ko'ina.

Da Kawu ya ture farantin, fuskar laoban ta canza. Ga shi kuma ba a gama ciniki ba. Ya ce in gaya wa Kawu wannan ne naman da suke karrama babban baƙo da shi, don kitsen ma ake kiwon saniyar.

Kawu ya ce, "Tambaye shi, da gangan?"

Laoban ya ɗora yanka ɗaya a wuta, ya juya, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu.

Kawu ya tauna. Can ya jawo farantin gabansa.

"Ikon Allah. Tun ina saurayi nake faɗa da mahauta a kan kitse. Kada ka kuskura labarin nan ya isa Kano."

To jama'a, ga shi ya iso. Me kuka taɓa rainawa a faranti, daga baya kuka nemi ƙari?