Gwaji Ɗaya da Ta Yi wa Maigida

A ɗakin gwajin asibitin, Anti Sau-uku ake ce mata, ita kuma ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi a kan doguwar kujera, ido ɗaya a bakin madubin likita, tana neman ƙwan tsutsa a ɗan abin da ta shafa bisa gilashi. Sunan ya samo asali daga halinta. In ka kawo bayan gida ta duba ba ta ga komai ba, kada ma ka soma murna.

"Gobe ka sake kawowa, jibi ma haka," za ta ce. "Tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba. Ban gani ba na ce, ban ce babu ba."

Mutane su yi ta gunaguni, ita ko a jikinta. Sababbin ma'aikata kuwa tsoronta suke kamar me, don mai gaggawa ba ya shan ruwa a wurinta.

Mijinta yashi yake haƙa a kogi. Tun yana saurayi yake wuni cikin ruwa har ƙugu, yana cika kwale-kwale da shebur. Mutum ne mai barkwanci, ga kunya kamar sabon ango. A gida Likita yake ce mata, ko da yake ta gaji da gaya masa ita ba likita ba ce.

Wata shekara ciki ya dame shi, yau murɗa, gobe gudawa da ɗan jini. Ta san aikinsa, ta kuma san akwai tsutsar da ke shiga ta fata a cikin ruwa, ta yi shekaru tana cin hanta a ɓoye. Ta miƙa masa 'yar roba mai murfi. Sai da aka yi sati ana ja-in-ja kafin ya kawo, a ƙunshe cikin leda uku, kansa a ƙasa.

"Likita, don Allah wannan ne na farko, shi ne na ƙarshe. Ina mijinki, ki riƙa leƙa irin wannan abu?"

Ita da kanta ta duba. Ta bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan. Babu ƙwai ko ɗaya. Daɗi ya rufe ta, ta rubuta ba a ga komai ba. Da ta koma gida ta buɗe baki za ta ce gobe a sake, sai ta tarar yana yi wa 'yarsu dariya, har ya cinye abincinsa tas. Sai ta fasa. Gaskiya ita ma ba ta son sake dubawa, tsoron abin da za ta gani take yi. Cikin ya lafa da kansa, maganar ta wuce.

Shekara tara bayan haka ya fara ramewa, cikinsa kuma na kumbura. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya yi aman jini. Hoton ciki ya nuna hanta ta ƙandare, saifa ta yi girma. Wata ƙaramar ma'aikaciya da Anti ta koya wa aiki ita ta yi gwajin, kwana uku a jere, a na uku ta ga ƙwan. Ta fito ta kasa haɗa ido da ita.

Abin da ya fi ci wa Anti rai, maganin tsutsar 'yan ƙwayoyi ne da ake haɗiya a rana ɗaya. Dubban mutanen da ba ta ko san sunansu ba sun sha sun warke saboda nacinta. An ba shi yanzu ma, tsutsar ta mutu, amma hanta ta riga ta tafi.

Ranar da jikin ya yi tsanani, tana zaune a gefen gado tana goge masa baki da tsumma, ya riƙe mata hannu.

"Likita, tambaya ɗaya zan yi miki. Da na kawo na biyu da na uku a wancan lokacin, da kin gani?"

Tunda ta fara aiki ba ta taɓa faɗa wa mara lafiya abin da ba shi ne ba. Ta dubi mutumin nan da ya ƙare sai idanu, ta ga so yake ya san ko kunyarsa ce ta kashe shi.

"Da ban gani ba, Baban yara," ta ce. "Ko sau goma ka kawo."

"To, alhamdu lillahi," ya ce, ya saki ajiyar zuciya, ya lumshe ido.

Bayan kwana biyu ya rasu da hankalinsa a kwance. Amsar gaskiya tana wurinta, kuma babu wanda za ta gaya wa.