Azumin da Kogi Ya Shigo Mana Gida

Shekara guda bayan dawowar maigidana daga yaƙin Turawa, azumi ya faɗo mana a tsakiyar damina. A lokacin ina goyon 'yarmu ta fari. Ƙauyenmu yana cikin fadamar Auyo, a kan ɗan tudun da kogin Haɗeja kan kewaye kowace shekara, ya shayar da gonakin shinkafa, sannan ya ja da baya. Mun saba da shi.

Kafin a ɗebe shi soja, maigidana masunci ne kamar mahaifinsa. Amma da ya dawo, ko wanka ba ya yi a kogi. Kwalekwalen da mahaifinsa ya bar masa na kife a bayan gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Ba ya ba da labarin inda ya je. Abin da muka sani kawai shi ne an haye da su teku zuwa ƙasar Indiya, daga can aka tura su dajin Bama. Idan aka yi tsawa sai ya shige ɗaki, ya kwanta rub da ciki, ya toshe kunnuwa. Sau ɗaya na taɓa shi yana cikin wannan hali, ya damƙe mini hannu har ƙashina ya amsa, kuma na ga idanunsa ba su san ni ba. Tun daga ranar nake tsoron mijina. Ban gaya wa kowa ba, ko surukata da muke zaune tare, tsohuwa mai hazon ido da muke kira Iya.

Wajen tsakiyar azumin, ruwan kogin ya canja kama. Ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa da danni na wasu garuruwa. Wata safiya mai gari ya ce a kwashe mata da yara zuwa tudun rairayi da ke hanyar Kaugama. Jiragen ruwan garin ba su da yawa, sai ana yi kashi-kashi. Mu gidanmu ne a can ƙarshen gari, aka ce za a dawo a ɗauke mu.

Aka yi azahar ba wanda ya dawo. Ina tsaye a tsakar gida na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, sai ga ruwa yana kwararowa ta ƙarƙashin danga, a hankali, ba ko ƙara. Kafin in tattara tabarmi ya kai idon sawu. Can sai muka ji wani ruri daga gabas, ashe datsin gonaki ne ya ɓalle. Katangar maƙwabta ta zauna gaba ɗaya a cikin ruwa.

Iya ta ce, "Ɗan nan, ina jirgin ubanka?"

Maigidana yana tsaye a bakin ɗaki yana kallon ruwan da ya kai masa ƙwauri.

"Da kai nake," in ji ta. "Ni na ci zamanina. Amma jaririyar nan fa?"

Ya juya ya nufi bayan gida. Na ji kaji suna kururuwa, sai ga shi yana jan kwalekwalen. Ya ɗauki Iya cak ya zaunar da ita a tsakiya. Ni na ƙara ɗaure goyona da majanyi, na shiga da ƙwarya ɗaya a hannu. Ita kaɗai na fita da ita daga ɗakina, ita ma don na ga jirgin ya bushe ya tsage, yana tsatsar ruwa.

Da muka bar gari ban gane ko'ina ba. Babu hanya, babu gona, sai kawunan goruba suna leƙe. Muka gifta wata bishiyar ƙirya, na ɗaga kai, na ga macizai sun nannaɗe a rassanta, wani na lilo daf da kan Iya. Na kama bakina. Wani rumbu ya wuce mu yana juyi, akuya a tsaye a kansa. Ni dai kwalfar ruwa nake yi da ƙwarya, ina zubarwa yana dawowa. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, ga ruwa ko'ina yana fantsamo mini a fuska, ina ta tofarwa don kada ya wuce.

Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Na san abin da ke tafe, na shiga roƙon Allah a zuci. Muna isa inda asalin kogin yake, inda ruwa ya fi ƙarfi, aka saki tsawar.

Maigidana ya saki filafili ya kife a cikin jirgin, hannuwansa a kan ƙeya. Yana ta maimaita wasu kalmomi na Turancin soja. Na cafke filafilin kafin ya faɗa ruwa, amma ban iya tuƙi ba. Kwalekwalen ya juya a gicciye, ruwa ya fara ɗibar mu. Jaririya ta tsanyare da kuka. Ina so in girgiza shi, ina tsoron ya damƙe ni mu kife duka. Na ce, "Iya, ya faɗi! Iya, za mu mutu!"

Iya ta lalubo da hannu har ta sami kansa. Ba ta girgiza shi ba. Ta yi magana kamar muna zaune a tsakar gida.

"Ɗan nan, a can inda aka kai ku, akwai masu salla?"

Sai da ta sake tambaya.

"Akwai," ya ce, murya can ƙasa.

"Suna azumi?"

"Suna yi."

"To da me suke buɗa baki? Kunu?"

Ya ɗan ɗago. "Ba su san kunu ba, Iya. Shinkafa suke soyawa ta kumbura kamar gugguru, su haɗa da wani wake jiƙaƙƙe, da albasa da barkono."

"Ikon Allah. Tashi ka gaya mini sosai, kunnena ba ya ji."

Ya tashi zaune. Na miƙa masa filafilin, ya karɓa ba tare da ya dube ni ba. Ya tsoma shi a ruwa, hancin jirgin ya fara miƙewa.

A haka muka ji abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce ƙasar ta fi tamu ruwa, mutanenta manoman shinkafa ne kamar mu, kuma azuminsu ma a cikin damina ya same su. Masallatansu na gora ne a kan dirkoki. Idan rana ta faɗi, mutum kan tsayar da jirginsa a tsakiyar ruwa, ya ɗebi ruwan sama da ganye ya sha. Ya ce wata rana suna haye wani kogi aka buɗe musu wuta daga cikin daji. Jirginsu ya kife. Shi ya nutsa ya maƙale a cikin ciyawa, hancinsa kawai a waje, yana jin abokansa suna kira har suka daina.

Aka sake tsawa. Kafaɗunsa suka ɗaga, filafilin ya tsaya.

"Wa ya fitar da kai?" Iya ta tambaya da sauri.

"Wani tsoho, Iya. Siriri, da ɗan gemu." Ya ci gaba da tuƙi. "Ya ja ni cikin jirginsa ya rufe ni da komar kamun kifi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Da na yi salati sai ya zaro ido, ya nuna bakinsa, ya nuna rana. Yana tambayata ko ina azumi. Na girgiza kai, don a soja ba a barinmu. Duk da haka da magariba ta yi, sai da ya fara ba ni kafin ya ci."

Ruwan sama ya kece, Iya ba ta bar shi ya yi shiru ba. Ta tambaye shi yadda matansu ke ɗaura zane, da ko limaminsu na jan sura mai tsawo a asham. Shi yana amsawa yana tuƙi, ni ina kwalfa, har na ji gindin jirgin ya gurji rairayi.

Mutanen garinmu suka shigo ruwa da gudu suka janye mu. Ashe jirgin da aka aiko mana ya kife ne da datsin ya ɓalle, matuƙinsa ya tsira a kan goruba. Wata maƙwabciyata ta kwance mini goyon. Da rana ta faɗi, wani ya yi kiran salla a kan tudun, muka buɗa baki da jiƙaƙƙen gero ɗanye, don babu busasshen itacen hura wuta.

Gidanmu ya rushe, shinkafar shekarar ta tafi. Muka ƙarasa azumin a Kaugama, a gidan ƙanwar Iya. Da ruwa ya janye, maigidana ya nemi gona a kan tudu ya koma noman gero da wake, ya bar wa ƙanensa kwalekwalen. A can muka haifi sauran 'ya'yanmu.