Kawu Sale da Ƙugiyar Maƙarfi

"Sake yi in gani."

Duk wanda ya zauna da Kawu Sale a Likoro ta ƙasar Kudan ya sha wannan magana har ta ginshe shi. Ka zo ka ce masa rediyonka na shaƙewa, ko fitilarka na ɗaukewa, ba zai ce maka sannu ba, ba zai ce ash-sha ba. Zai gyara zaman tabarau ne kawai ya ce ka sake yi ya gani. A wurinsa, matsalar da ba ta maimaita kanta a gaban idonsa ba, labari ce.

Akwai ranar da maƙwabcinsa Malam Audu ya faɗa kwata da babur. Ya shigo yana ɗingishi, riga duk taɓo, yana cewa birki ne ya ƙi kamawa. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Sake yi in gani."

"In sake faɗawa kwatar, Malam?"

"To ta yaya zan san birkin ne ko kai ne?"

Malam Audu ya yi fushin da ya kai sati. Da aka kwance babur ɗin kuwa, birki lafiyarsa lau.

Ni ce Rabi, 'yar ƙanwarsa, wadda ke aiki a ofishin gona a Ikara, kuma ni na jawo mana abin da zan ba ku labari. Kawu ya yi ritaya daga koyar da lissafi, ya koma gona, sai ya ɗauki ɗabi'ar auna ruwan sama da wani gwangwanin da ya kafa a tsakar gida. Ya kuma sa tsofaffin ɗalibansa na Ikara da Maƙarfi suna auna nasu suna turo masa. Ni kuma da rawar kaina na ce, "Kawu, ai akwai manhajar da ke mayar da irin waɗannan lambobi su zama zane, a ga inda ruwa ya hau da inda ya sauka. Kyauta ce ma."

"Kyauta? Waye mai ita?"

Na ce ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna gina ta, kowa na iya buɗe cikinta ya duba, wanda ya ga ɓaraka ya gyara.

Ya ce, "Au, gayya ce! Ashe Turawa ma sun san gayya." Daga ranar bai ƙara kiranta da wani suna ba, mutanen da ke kula da ita kuwa suka zama 'yan gayya.

Ɗora ta a kwamfuta shi ne yaƙin farko. Kwamfutar Kawu ta tsufa har ta gaji da tsufa. In ta yi zafi, a kan murfin randa yake ɗora ta ta sha iska, matarsa Inna Hajara na mita tana cewa ita ba ta taɓa ganin inda ake jiran kwamfuta ta huce kafin a sha ruwa ba. Sabis kuwa sai a saman rumbu ake samu. Sai ga tsoho mai furfura ya ɗaure waya a bakin gora, ya jingina da rumbu, ya zauna a gindi da kwamfuta a cinya yana hana kaji wucewa, wai kada su girgiza masa sabis. Abin da ya sauke sau ɗaya kuma ba ya ƙara sauke shi har abada. A filas ɗin kwamfuta yake adanawa, duk mai so ya zo ya kwafa, don a ganinsa sauke abu sau biyu almubazzaranci ne.

Da muka zo ɗorawa, sai allon ya cika da jan rubutu, layi bisa layi. Na ce, "Shi ke nan, ta ƙi. Mu haƙura."

"Me ta ce?"

"Kawu, ka ga yawansa kuwa?"

"Karanto min layin ƙarshe. Irin wannan rubutu doya ne, ganyen na sama, abin ci na ƙasa."

Na karanta. Ashe wata ƙaramar manhajar lissafi da babbar ke dogaro da ita ce ta tsufa a kwamfutarsa, sabuwa take nema. Muka sabunta, ta sake ƙi, ta nemi wata. Muka kawo wannan, ta nemi wata kuma. Na fara tsaki. Kawu kuwa sai murmushi yake.

"Ke ba ki taɓa kai amarya ba? Ba ta tarewa sai 'yan rakiyarta sun cika."

Da ta hau, na ɗauka mun gama. Ina! Ya gano cewa 'yan gayya sun haɗo ta da gwaje-gwajen da take yi wa kanta, a tabbatar kowane sashe na aiki. Tsohon malami ya ji an ce jarrabawa, ai sai ya miƙe zaune. Ya sa ta ta yi su kaf, kwamfuta na huci a kan randa tun hantsi har la'asar. Kusan duka suka wuce, 'yan kaɗan suka faɗi. Na ce a bar su mana, tunda zanen na fita.

"Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa ba ɗalibi maki don ni na gaji ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano ba laifin manhajar ba ne, siffar haruffan da ke kwamfutarsa ce ta bambanta da ta 'yan gayya. Wallahi na tsaya ina kallonsa. Mutumin da sai da na nuna masa yadda ake kwafe rubutu a liƙa a wani wuri, shi ne yanzu yake yi min bayani, ni kuma ina gyaɗa kai kamar na gane.

To, sai maganar ƙugiya, wadda ita ce ta cinye sauran kwanakinsa.

Ƙungiyar manoma za ta yi taro a Kudan, aka roƙi Kawu ya kawo zanen ruwan damina na garuruwan uku. Ya zana, ya rubuta sunaye a ƙasa: Ikara, Maƙarfi, Kudan. A allo ya fito tsaf, gwanin sha'awa. Ya adana a fayil, na kai shago aka buga a babbar takarda. Ina dubawa sai na ga inda ƙ ta Maƙarfi take babu komai sai wani ɗan akwati fanko. Ma, akwati, arfi.

Lokaci ya ƙure. Na ce wa mai shagon ya shafe akwatin ya rubuta k da biro, ya yi mata ƙugiya. Na fita sayen ruwa. Bawan Allah, don son ya burge ni, sai ya bi duk wata k da ke takardar ya yi mata ƙugiya. Ban lura ba na naɗe na kai.

Aka buɗe takarda a gaban taro. Wani dattijo daga Kudan ya matso, ya karanta a hankali, ya juyo.

"Malam Sale, na ga an rubuta Ƙudan. Na zuma ne mu, ko na bola?"

Wurin ya kece da dariya. Mutanen Maƙarfi har da riƙe ciki, sai da aka nuna musu Iƙara suka ƙara. Ni na rasa inda zan sa kaina. Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, nan gaba mu riƙa rubuta Makarfi haka nan, ba ƙugiya. Ai kowa haka yake yi, har a allunan bakin hanya."

"Kowa ya yi. Ni a ƙasar Maƙarfi aka yanke min cibiya, can Nasarawan Doya. Injin da ya iya rubuta sunan kowane gari a duniya ba zai mayar min da nawa akwati ba. Ba ki ce gayya ba ce? To mun ga inda ba a nome ba."

Ya rubuta wa 'yan gayya da Turancinsa na tsofaffin malamai, ya fara da gaisuwa da tambayar iyali har sai da na rage masa. Bayan 'yan kwanaki wata mata daga cikinsu, can wata ƙasa mai nisa, ta amsa. Na karanta masa ina fassarawa: ta gode, ta gwada kalmar a wurinta, ƙugiya ta fito lafiya, ba ta ga matsala ba. Ko zai sake yi ya nuna mata yadda abin ke faruwa?

Na ɗago ina jiran ya fusata. Sai na ga tsoho ya tashi tsaye yana tafi.

"Hajara! Hajara, fito ki ji! Na samu dangina! Ta ce in sake yi ta gani!"

Inna ta leƙo daga madafa. "Alhamdu lillahi, Malam. Yau ka ji yadda muke ji."

Ya zauna ya riƙa zare layukan umarnin da ya rubuta wa manhajar ɗaya-ɗaya yana sake gwadawa, har ya rage 'yan layukan da ba sa komai sai rubuta Maƙarfi. A nan ya kama shi. A allo ƙugiya na nan, sai an adana a fayil ɗin da ake kai wa masu bugawa take ɓacewa. Ashe matar da ta amsa mana a allo kawai ta duba. Da ya tura mata, ta dawo da murna ta ce yanzu ta gani, ƙwaro ne na gaske. Haka suke kiran irin wannan matsala a yarensu, ƙwaro. Kawu ya ce sunan ya dace, shi manomi ne, ya san ba a lallashin ƙwaro.

Wani zai tsaya nan ya jira a gyara masa. Kawu ya ce ba a zuwa gayya a nuna ciyawa da yatsa a koma inuwa. Ya shiga cikin manhajar da kansa, makonni yana bi, har ya iso sashen da ke tattara haruffa ya zuba a fayil, ya ga yana tsallake irin namu. Ya yi gyaransa, Maƙarfi ta fito da ƙugiyarta, ya tura yana taƙama. Gwaje-gwajen 'yan gayya suka bi ta kai, suka dawo da ja, alamar faɗuwa. Gyaran nasa ya tayar da namu ya kwantar da haruffan Girkanci da ake lissafi da su.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya fashe da dariya har da hawaye.

"Rabi, jarrabawa ta kayar da malamin lissafi, kuma a kan haruffan lissafi! Kai, waɗannan mutane sun iya aiki."

A lokacin ne ciwon suga ya fara cin idonsa. Ya kai ba ya ganin rubutu ko an ƙara girmansa. Duk ƙarshen mako sai in zo in zauna, in karanta masa layi, ya lumshe ido ya ce, "Koma sama. A'a, wanda ke bin wannan. Sauya shi." Yana riƙe da abin duka a ka, ni da ke da ido biyu ina ɓata. Matar nan ma ba ta gaji da mu ba, ta nuna wannan, ta gyara wancan. Da ta nemi a rubuta sabon gwaji da zai tsare ƙugiya don kada wani ya sake ɓata ta nan gaba, Kawu ya sa ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Sannan ya aika aka tambayo wani malami Bafulatani abokinsa haruffan da su ma suke fama da su, ya haɗa. Ya ce ba zai nome kunyarsa ya bar ta maƙwabci ba.

Muka tura gyara na biyu. Gwaje-gwaje duka suka wuce. Saura manyan 'yan gayya su duba su karɓa, su kuma mutane ne masu ayyukansu, abin na tafiya a hankali. Jikin Kawu kuwa ba ya jira. Aka kwantar da shi a asibiti a Zariya.

Na je duba shi da rana, ya rame, muryar ta dusashe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Sun karɓa?"

"Suna dubawa, Kawu." Sannan na faɗi abin da ke raina. "Bari in rubuta musu cewa ba ka da lafiya, su hanzarta."

Ya lalubo hannuna ya riƙe da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Kul! In suka karɓa don tausayi, ƙwaron yana nan. Ki bar su su duba da kyau."

Na ji haushinsa a ranar, ba zan ɓoye ba. Na fita baranda na yi kukana. Amma ban rubuta ba. Ya rasu bai ji amsa ba.

Bayan an yi arba'in saƙo ya shigo: sun karɓa, ya shiga sabon fitowar manhajar. Yanzu duk wanda ya taɓa wannan sashe, a ko'ina yake a duniya, sai gwajin Kawu ya tsayar da shi ya tambaye shi ƙugiya. Na sauke sabuwar, na zana ruwan daminar bana, na buga a takarda, na kai wa Inna Hajara tana cikin takaba.

Inna ba ta yi boko ba. Na nuna mata wurin. Ta kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora yatsa a kan harafin.

"Wannan 'yar lanƙwasar ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ita ce duk ta hana shi sakat?"

"Ita ce."

Ta daɗe tana shafa ta da yatsa. Sannan ta ce, "To, ta yi kyau. Bar min takardar."

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa. Ya Ubangiji, shi bai yarda a karɓi aikinsa don tausayi ba, amma mu muna roƙon Ka karɓe shi da tausayinKa. Amin.