Abin da lokotoro ya ce a Yamai

Babana baduku ne a Damagaram. Da safe ras yake, amma kafin la'asar fatar idonsa ta rufo, basilla ta riƙa suɓuce masa, tuwo ma ya tsaya masa a wuya. Shekara biyu muna fama da rubutu da turare kafin wani lokotoro, wato likita, ya ce miyasteni ce, ciwon da ke kashe ƙarfin jiki. Ya rubuta ƙwayoyi, ya tura mu Yamai a cire wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wai ita timus.

Baba ya ce atafau. "A tsaga ni kamar ragon layya? Haba!"

Ni ne ɗan lakwal, wato ɗan boko, a gidan, ni ke juya masa faransanci, ga ni da shegen gaggawa. Na ce, "Baba, kamar belu ne fa. Wanzami ya cire, shi ke nan, an rabu." Nan take ya yarda. Har kaina ya kumbura, wai ni na iya magana.

Aka yi aiki lafiya. Ranar sallama lokotoron Yamai ya yi mini bayani dalla-dalla: amfanin aikin sai a hankali, watanni ko ma shekaru, kuma kada a kuskura a bar ƙwaya.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na dubi Baba yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Na ce, "Ya ce an dace." Sauran na bari sai mun isa gida. Muka isa, 'yan barka suka cika zaure, hutuna ya ƙare, na koma Takieta inda nake koyarwa. Ƙwayoyin dai ina saye ina aikowa. In na buga waya sai in ce ya jiki, ya ce alhamdu lillahi. Ko sau ɗaya ban ce "Kana sha?" ba. Kasala ta dawo, shi da Inna suka ce ta mikin aikin ce, za ta wuce.

Ba a rufa wata biyu ba mura ta kama shi, numfashi ya gagara. Kafin in sami mota ya cika a gidan likita.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗaki, ta jawo kwano daga ƙarƙashin gado. Kwalayen ƙwayoyin ne a jere, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Ta ce, "Ungo. Cewa ya yi kada a gaya maka, kada ka ji ɗawainiyarka ta tafi a banza. Wai tunda an cire masa ciwon, a ba wani mai buƙata."

Na sa hannu biyu na karɓa. Wallahi ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba. Har yau Inna cewa take aikin ya yi kyau, kwana ne ya ƙare. Sai in sunkuyar da kai in ce haka ne, Inna.